Wane ne yaro a yammacin Zamfara?

Tambaya ce mai kama da ta wasa, amma a yi ta a wurare huɗu a ji. Ma'aikacin gwamnati a Gusau zai buɗe doka ya ce yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Limamin ƙauye a ƙasar Bukkuyum zai ce wanda bai balaga ba, wanda alƙalami bai hau kansa ba tukuna. Manomi a fadamar Gummi ba ruwansa da ƙidayar shekaru, shi dai ya ga ko ɗan ya iya riƙe hauya ya jera da manya daga hantsi zuwa azahar. Mai ramin zinari a wajen Bagega kuwa buhun dutse ne ma'auninsa, wanda ya iya sungumarsa ya isa a biya shi. Duk amsoshin nan suna aiki a yau, a ƙasa ɗaya, sau da yawa ma a kan mutum ɗaya. Ɗan shekara 14 yana iya wayar gari yaro a rajistar makaranta, baligi a sahun salla, lebura a bakin rami, kuma mai ciyar da gida tun ranar da aka kashe mahaifinsa.

Masana zamantakewar al'umma sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan batu. A 1960 wani masanin tarihi Bafaranshe, Philippe Ariès, ya fitar da littafi yana cewa a zamanin da, Turawa ba su ɗauki ƙuruciya a matsayin wani zango na daban ba, da yaro ya ɗan tasa sai ya shige cikin aiki da hirar manya, kuma makaranta da sabon tsarin iyali ne suka ware shi daga baya. An yi masa raddi sosai, domin iyayen da ma sun san 'ya'yansu ƙanana ne, sun kuma yi kukan mutuwarsu. Amma ƙofar da ya buɗe ba ta rufu ba. A 1990 Allison James da Alan Prout suka daidaita maganar: ƙarancin ƙarfi da rashin ƙosawar jikin yaro halitta ce, ba wanda ya ƙirƙire ta, amma ma'anar da ake ba wannan rauni, da abin da ake ɗora wa yaro, da abin da ake hana shi, da ranar da za a ce ya girma, duk al'umma ce ke tsara su. Viviana Zelizer kuma ta nuna a 1985 yadda a Amurka, tsakanin 1870 da 1930, yaro ya tashi daga mai kawo kuɗi gida ya koma wanda ake kashe wa kuɗi ba a jiran komai daga hannunsa. Wannan hoton na ƙarshe shi ne ya shiga yarjejeniyoyin duniya, kuma da shi ake auna 'ya'yan Anka a yau.

Bahaushe ba ya buƙatar littafin Faransa kafin ya gane haka, don shi ma yana da nasa matakan. Jinjiri yana goye har a yaye shi wajen shekara biyu, a da ma akan kai shi wajen kaka ya manta da nono. Daga nan sai ya shiga rukunin waɗanda ake cewa ba su da wayo, ba a kama su da laifi. Wajen shekara bakwai abubuwa suke sauyawa kusan lokaci guda: kaciya, allo, umarnin salla, da fara bin uba gona ko kiwon awaki. Daga wannan lokaci namiji yana janyewa daga cikin gida zuwa zaure da waje, mace kuma tana ƙara shigewa madafa da reno. Sai samartaka, mai nata shugabanci: sarkin samari, gayya, dandali, kokawa da dambe bayan kaka, cin rani idan damina ta wuce. Ƙofar fita daga samartaka kuwa aure ne. Namijin da ya yi furfura bai taɓa aure ba tuzuru ne, ba a cika sa shi cikin shawarar magidanta ba, yarinyar da aka kai ɗakinta kuma ta zama matar aure ko da sa'o'inta suna wasan gaɗa. A makarantar allo ma haka abin yake, kolo ya zama titibiri, titibiri ya zama gardi, kuma karatu da girman jiki ne ke ɗaga shi, ba takardar haihuwa ba.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne gandu, don a nan ne asirin tsarin yake. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta wallafa shi a 1972, ta bayyana shi dalla-dalla, kuma duk wanda ya tashi a karkarar Zamfara ya san shi. Ɗa yana noma a gonar ubansa, ba a biyansa. Amma uban yana ɗauke da nauyi a kansa: abinci, kayan aiki, haraji, da gayauna, wato ɗan fegin da yaron zai noma wa kansa da yamma ya sayar ya sayi riga. Sama da duka, uba ne zai yi masa auren fari, kuma wata rana gonar za ta zama tasa. Aikin yaro a wannan tsari bashi ne da ake biya. Gumin da ya zuba yana ɗan shekara goma shi ne ɗakin da zai sa amarya yana ɗan ashirin. A rugar Fulani ma alkawarin ɗaya ne da wata siffa: tun ranar suna akan nuna wa jariri karsanarsa, ya tashi yana bin garke, ita kuma tana haihuwa, kafin ya isa sharo da aure ya mallaki abin da zai tsaya da ƙafarsa.

Ba na cewa wancan zamani aljanna ne. Akwai uban da ke ci da gumin ɗansa ya hana shi aure, akwai ɗan riƙon da ya sha wuya a hannun matar kawu, kuma mutuwar ƙananan yara ta yi yawa har aka saba da ita. Ga 'ya mace kuma matakan gajeru ne ƙwarai. Enid Schildkrout, wadda ta zauna a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle take rataye a kan yara: uwa na ciki tana suyar ƙosai ko ƙuli-ƙuli, 'yarta ce ƙafarta da bakinta a kasuwa, ribar kuma ita ce kayan ɗakin yarinyar. Shi ya sa da aka kawo shirin ilimin firamare kyauta a 1976, uwar da ta ƙi sakin 'yarta ba lallai jahilci ne ya hana ta ba. Ta yi lissafi ne, ta ga makaranta za ta ɗauke mata mai talla ba ta ba ta komai a madadi ba. Har gobe wannan lissafi yana nan a Gummi da Nasarawar Burkullu, kuma duk shirin da bai amsa shi ba zai cika aji ranar da baƙi suka zo, ya wayi gari fayau.

A kan wannan tsohon tsari ne gwamnati ta ɗora nata, wanda aka gina da lambobi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijeriya ta tabbatar da ita a 1991, ta yi dokarta ta haƙƙin yara a 2003, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara. Zamfara, wadda aka ƙirƙira a 1996 kuma ta fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, ta daɗe ba ta karɓi dokar yaran ba, sai a 2022 aka sa hannu a kan tata dokar kare yara. Inda aka fi samun turjiya shi ne shekarun aure. A 2013 Majalisar Dattawa ta yi zazzafar muhawara a kan sashe na 29 na kundin tsarin mulki, inda aka ɗauki duk matar da ta yi aure a matsayin wadda ta kai munzali, kuma tsohon gwamnan Zamfara, Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura, shi ne ya tsaya a bar wannan sakin layi. Su kansu lambobin ba su da matsaya ɗaya. Matashi a wajen Majalisar Ɗinkin Duniya ɗan 15 zuwa 24 ne, a yarjejeniyar matasan Afirka ta 2006 ɗan 15 zuwa 35, a manufar matasa ta Nijeriya ta 2019 kuma ɗan 15 zuwa 29. Ga shi a ƙauyuka da yawa haihuwa a gida ake yi, ba takarda, shekarun mutum sai a ce shekarar kaza da aka yi ambaliya.

Akwai abin da masu jayayyar suke tsallakewa. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Anka bai tsaya a kan balaga kaɗai ba. Ya bambanta yaron da ya fara rarrabe abubuwa da wanda bai fara ba, ya ce idan alamomin balaga ba su bayyana ba a jira shekara 18 a mashahurin zance, sannan ya hana a miƙa wa maraya dukiyarsa sai an ga ya iya riƙe ta, ko da ya balaga. Ke nan malamai sun san girma hawa-hawa ne. Ita ma yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin yara ta 1990 ta yi abin da ta duniya ba ta yi ba, ta lissafa nauyin da ke kan yaro ga iyayensa da al'ummarsa. Filin haɗuwa yana da faɗi fiye da yadda ɓangarorin biyu suke nunawa a rediyo.

Sai dai a yammacin Zamfara an koyi iyakar wannan muhawara da tsada mai yawa. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido a kan sanƙarau suka lura ƙananan yara suna mutuwa da jijjiga a Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka, kuma maganin zazzaɓi ba ya yi musu komai. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinari ya tashi a duniya bayan rikicin tattalin arziki na 2008, mutanen ƙauye suka duƙufa haƙa, dutsen da suke fitarwa kuma cike yake da dalma. Maza su haƙo, a kawo gida. A tsakar gida ake farfasa shi, a daka a turmin da ake daka gero, ko a zuba a injin niƙan hatsi, a wanke, a haɗa da zaiba, a shanya garin a kan tabarma. Uwa tana daka da goyo a bayanta. Na rarrafe yana gefenta, ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya kai baki, kamar yadda kowane yaro yake yi a ko'ina cikin duniya. Ƙurar tana sauka a kan kwanon tuwo da bakin randa.

Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi da abokan aikinta a ƙauyukan biyu ya samu cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya bisa huɗu. A ma'aunin lokacin, maki 10 a jini ya isa a ce yaro ya kamu, 45 kuma sai an ba shi maganin da ke fitar da gubar ta fitsari. Cikin 204 da aka gwada, 198 sun kai 45 ko sun wuce. Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, Tungar Guru, duk abin ya shafe su, kuma an ƙiyasta yara aƙalla 400 suka mutu. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, bayan matsin lambar 'yan fafutika irin su Hamzat Lawal.

A duba yadda tsarin al'umma da halittar jiki suka haɗu a nan. Al'ada ce ta ce wurin mace da ƙaramin yaro cikin gida ne, kuma sana'ar mace a gida take yinta. Wannan tsari da aka yi don kariya shi ne ya ajiye mafi rauni a daidai inda ƙurar ta fi yawa. Amma ba al'ada ce ta sa hanjin ɗan shekara biyu yake zuƙe dalma ninkin na babba ba, ba ita ce ta sa ƙwaƙwalwarsa mai tsiro take lalacewa ba. Saboda haka ba na karɓar hujjar mai cewa tunda kowace al'umma da nata ma'aunin yarinta, a bar kowa da nasa. Huhun yaron da ke cikin rami da ƙugun yarinyar da ta kwana biyu tana naƙuda ba asibitin da zai yi mata aiki ba su san ma'aunin kowa ba. Wanda yake shakka ya je Babbar Ruga ta Katsina ya ga masu yoyon fitsari. Haka kuma ba na karɓar hujjar mai ganin da an rubuta 18 a takarda magana ta ƙare, alhali bai tambayi abin da gidan zai ci ba ranar da aka kori yaron daga bakin rami.

Kafin a farfaɗo daga dalma sai daji ya ɓaci. Satar shanu da ta yi ƙamari daga wajen 2011, cinye burtali da makiyaya, zaluncin wasu alƙalai da jami'an tsaro, kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi a kasuwanni da ramuwar gayyar da ta biyo baya, duk Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya bi diddiginsu a laccar da ya gabatar a 2021. Abin da ya shafi batunmu shi ne yadda rikicin ya karya alkawarin nan na tsakanin manya da yara ta ɓangarori biyu. Ɗan Fulanin da aka kore garken gidansu ya rasa gadonsa, ya rasa sadakinsa, ya rasa makarantarsa, don garken shi ne duka ukun. Ɗan manomin da aka hana zuwa gona sai an biya haraji ga 'yan bindiga, ko aka tashi ƙauyensu, ya rasa gandu da gayauna. Wanda ya rage yana miƙa wa saurayi hanyar zama wani abu shi ne kachalla, wato shugaban 'yan bindiga, da babur da bindiga. A fim ɗin da Yusuf Anka ya yi wa BBC a 2022 an ga fuskokin da ke bayan bindigogin, da yawansu gemu bai fito musu ba. Kuma a daji kowa yaron wani ne, ko da ya haifi 'ya'ya biyar. Wannan ba wanke su ba ne, wanda ya kashe rai ya kashe. Amma idan aka kama ɗan shekara 13 da bindiga, dole hukuma da gari su yanke shawara ko mai laifi suka kama ko wanda aka yi wa laifi, kuma amsar gaskiya sau da yawa ita ce duka biyun.

Makaranta, wadda ita ce ginshiƙin yarinta irin ta gwamnati, ita ma ta zama abin farauta. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a Talata Mafara, maƙwabciyar Anka. A Satumban shekarar, bayan an sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, aka rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya. A farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Uban da ya ga wannan, ya ce gara ya aurar da 'yarsa ta koma hannun wani a cikin gari, ko ya tura ɗansa almajiranci Gusau ko Sakkwato inda aƙalla zai kwana ba ƙarar bindiga, tsoro ne ke yi masa jagora. Wanda ya kira wannan tsohuwar al'ada bai duba da kyau ba, rigar ce tsohuwa, dalilin sabo ne. A sansanin 'yan gudun hijira na garin Anka za ka ga yarinya 'yar shekara tara da ƙaninta a baya, kwano a hannu, ita ce mai nemo abin da za a ɗora a wuta, domin uwar tana takaba.

Ta ɗaya gefen kuma ga waɗanda girma ya ƙi zuwar musu. Alcinda Honwana, masaniya 'yar Mozambik, ta rubuta a 2012 a kan matasan Afirka da suka maƙale a zaman jira, sun wuce yarinta amma ba su da abin da za su kafa gida. A Gummi za ka same su a majalisar mai shayi: ɗan shekara 32, da takardar NCE daga Maru a cikin jaka, ba aiki, gonar gidansu tana inda ba a iya zuwa, lefe ya fi ƙarfinsa. Ɗan siyasa yana kiransa yarona, ya ba shi na cefane lokacin zaɓe. Dokar 2018 ta rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, amma kuɗin fom bai ragu ba. A gida ɗaya sai ka tarar da ƙane ɗan 12 da aka mayar babba da ƙarfin tsiya, da wa ɗan 30 da aka hana zama babba.

Ni a ganina tambayar da ta fi ta shekaru amfani ita ce: me manya suka ɗauka za su biya yaro a madadin abin da suke karɓa daga gare shi, kuma wa zai tilasta a biya? Gandu ya amsa ta da gona da aure. Makarantar boko ta amsa ta da alkawarin aiki, ta kasa cikawa ga mafi yawa. Rami da daji suna biya nan take, su karɓi lafiya ko rai. Duk wanda zai yi wa yaran yankin nan aiki, sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum ne, ko malamai, ko gwamnati, sai ya zo da alkawarin da uwa mai talla da uba mai tsoro za su iya auna shi su ga ya fi wanda ke hannunsu: makarantar da ake kwana lafiya, abinci a cikinta, sana'a a ƙarshenta, da hanyar gona a buɗe.

Akwai kuma bashin da ya riga ya nuna. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage haramcin a Disambar 2024. MSF, bayan ta gwada jinin yara sama da dubu takwas, ta miƙa shirin dalma ga hukumomin jiha a 2022. Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu sun yi aure. Magani yana rage gubar da ke cikin jini, amma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu, kuma dalmar da ta kwanta a ƙashin mace tana iya komawa jininta lokacin da take da ciki ta isa ga ɗan tayi. Waɗannan suna buƙatar a bi sawunsu ƙauye-ƙauye, a gwada masu juna biyu a cikinsu, a koya wa masu rauni sana'ar da za su iya, kuma a tabbatar dutsen da za a ci gaba da haƙowa a Anka da Bukkuyum an niƙa shi a bayan gari, nesa da turmin gida.